Ɓarin Goron da Babu Mai Karɓa

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya fitar da ni daga Sabon Birni ya kuma maido ni cikinta da ƙafafuna. Tun da na dawo daga Masar ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci, a kasuwa, har wurin zaman makoki, sai wani ya matso ya ce, “Malam Isiyaka, wai gaskiya na an sa ka cikin inji an ga abin da kaka tunani?” Na amsa har bakina ya gaji, kuma duk wanda na ba guntun labari sai ya tafi ya ƙara masa nasa. Shekaranjiya na ji ana cewa wai an buɗe kaina an wanke an mayar. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya da ajamina, ɗana Bashir ya juya shi zuwa boko, don mai so ya karanta.

Sai na fara da abin da ya tayar da ni. Na fi shekara ashirin ina jan salla a masallacin unguwarmu. Wata ranar Laraba, a raka'ar farko ta Magariba, ina cikin wata gajeriyar sura da na haddace tun ban yi famfara ba, sai kalma ta tsaya mini. Malam Sanda, ladaninmu, yana bayana daidai, ya ɗora mini ita. Na ji muryarsa sarai, amma kamar yana magana da yaren da ban taɓa ji ba. Ya sake. Hannuna na dama ya yi nauyi kamar an rataya masa tulu. Can abin ya sake ni, na ƙarasa. Da aka sallame babu wanda ya ce uffan, kuma wannan shirun ya fi mini komai ciwo.

Sun san abin da na sani. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, a wannan wurin ya tsaya wata rana ya yi kabbara, sannan ya waiwayo ya tambaye ni me ake cewa bayanta. Mutumin da ya shekara arba'in yana karantarwa. Ni na kama hannunsa na fitar da shi, kuma kafin ya rasu sunana ma ya ɓace masa. Don haka tun daga wannan Laraba ban sake shiga gaba ba, na koma sahun baya kusa da takalma. Abu ɗaya na fita nema a duk tafiyar nan: in san ko abin da ya ɗauki mahaifina ne ya fara taɓa ni, ko kuwa ina da sauran tsayawa gaban mutane.

Likitocin Sakkwato sun ce jijiyar jini ta hagu a wuyana ta ƙuntata, ƙaramar shanyewa ce ta leƙo ta koma. Suka ba ni magani, suka ce in da hali a duba ƙwaƙwalwar da kyau. Bashir, da yake aiki a Kano, shi ya shirya komai a wani asibitin koyarwa a Alƙahira. Tare za mu tafi, sai bizata ta fito tasa ta ƙi, ranar da aka ba mu kuma ba ta jira. Mai ɗakina Rabi shekara uku ke nan da rasuwarta. Sai ya zama ni kaɗai.

Akwai wata al'ada tsakanina da Sanda da sai na faɗe ta, don duk labarin a kanta ya rataya. Shekara talatin, kullum bayan Asuba muna zama a dakalin masallaci, ya ɓare goro guda, ya ci ɓari in ci ɓari. Iyakar gorona ke nan a yini. Safiyar da za ni tashi ya zo da ƙunshi cikin ganye da jiƙaƙƙen tsumma, farin goro rabin ƙwarya, wato hamsin.

Na ce, “Sanda, wanga ai na shekara na. Ɓari nika ci.”

Ya ce, “Can babu mutane? Ka samu wani tsoho maras aikin yi irina ka dinga ba shi ɓarin.”

“In ban samu ba fa?”

“Ka aje mani. In ka dawo in ci busasshe, haƙoran da sunka rage su ƙarasa zubewa.”

Ya juya ya tafi bai raka ni tasha ba, wai yana da sharar masallaci. Na san ba shara ba ce.

Na biya ta garin Isa don in sallami Yaya Hajara, ita kaɗai ta rage mini a cikinmu. Idonta ya yi rauni, sai ta sa hannu ta laluba kaina tun daga goshi har ƙeya kamar mai zaɓen kankana, ta ce, “Kan ga lahiya lau shike. Kai dai tsoro ag gare ka tun kana yaro.” Ta ɗaure mini ƙuli-ƙuli da garin fura. Da na miƙe ta riƙe bakin rigata ta ce, “In sun ce irin na Baba na, kak ka ɓoye mani.” Na ce ba za ni ɓoye ba.

Daga Isa ba a fita sai rana ta ɗaga, kuma motoci suna jiran juna su jera, saboda halin da hanya take ciki, wanda ba sai na bayyana wa mutanen wajenmu ba. Da muka shiga daji kowa ya yi tsit. Wata Bafulatana dattijuwa a gefena leɓenta kawai ke motsi, nawa ma haka. Da muka fito fili direba ya kunna rediyo, sai mota ta ɓarke da surutu gaba ɗaya, har da masu faɗa a kan wanda ya taka wa wani kaza. Dattijuwar ta dube ni ta ce, “Mun wuce, Malam,” na ɓare goro na ba ta ɓari. Ita ce ta ƙarshe da ta karɓi ɓarin gorona da murna har na dawo.

Na kwana Sakkwato, na wuce Kano. A filin jirgi Bashir ya rubuta mini adireshi a takarda uku, ya sa ɗaya a aljihun gaba, ɗaya a jaka, ɗaya cikin hula. Ban hana shi ba, ko da yake na gane abin da yake tsoro. Ban taɓa shiga jirgi ba. Da ya ɗaga sai kunnuwana suka toshe, maganar mutane ta yi nisa, na ce shi ke nan, abin ya dawo a sararin sama. Na kama karanta surar nan a ɓoye, ta zo daidai. Wani ɗan kasuwa da ke gefena ya ga ina zufa ya ce in haɗiye yawu. Na haɗiye, kunne ya buɗe. Ya koma barcinsa, bai san abin da ya yi mini ba.

A kan iyakarsu, wato wurin duba kaya a Alƙahira, wani jami'i ya kwance ƙunshin Sanda. Ya ɗauki goro ɗaya ya juya, ya shinshina, ya kira abokin aikinsa. Na yi musu bayani da Larabcin da na koya a zaure. Na farkon ya gatsa kaɗan, fuskarsa ta tattare wuri ɗaya, ya ɗaure ƙunshin da sauri ya miƙo mini. Ya ce wanda ke cin wannan Allah ya riga ya jarrabe shi, ba sai sun ƙara masa ba.

Masaukina ɗaki ne a hawa na biyar kusa da asibitin. Tagarsa bango take kallo. Babu carar zakara, babu kukan jaki, sai ƙahon motoci da ba ya yankewa. Mai tsaron ƙofar gidan wani dattijo ne, Ammu Sabir, mai faffaɗar jallabiya da rawani. In na yi masa magana sai ya miƙe tsaye ya haɗa hannu a ƙirji, wai ya ɗauka huɗuba aka fara, don Larabcina na littafi ne, nasu kuwa na titi, rabinsa ma ba na kamawa.

Mutanen birnin na kirki ne, amma gaisuwarsu gajera ce. Suna zaune wani bisa kan wani, ba su san ciwon juna ba. Na haɗu da wani maƙwabci a cikin akwatin da ke hawa da mutane sama, na fara tambayarsa kwanan iyali, da gajiya, da aiki. Ban kai ga yara ba ya iso hawansa ya fita. Abincin safe wake ne dafaffe da mai da gurasa, wannan ya karɓe ni. Akwai kuma wani da suke ji da shi, shinkafa da taliya da ƙananan wake da albasa duk a kwano ɗaya, kamar an share ɗakin girki an zuba. Na ci don yunwa. Garin furar Yaya na dinga damawa da nonon roba, ba ɗaya ba ne, amma yana kai ni gida na ɗan lokaci.

Safiyar farko bayan Asuba na zauna bakin gado na ɓare goro. Hannuna da kansa ya miƙa ɓarin zuwa dama. Babu kowa a dama sai bango. Na daɗe riƙe da shi, sannan na jefa shi aljihun jaka na ce na Sanda ne. Kashegari na sauka na kai wa Ammu Sabir. Ya tauna sau biyu ya tofar, ya nemi gafarata da gafarar Allah, ya ruga ya kawo mini shayi wai in wanke baki. Daga ranar na rasa yadda za ni yi da ɓari na biyu. Goron da aka ɓare ba ya jira, zubarwa kuma almubazzaranci ne, sai na dinga cinye duka biyun. In la'asar ta yi, shirun ɗakin ya taso mini, in ɓare wani don hannuna ya sami abin yi. Mai cin ɓari ɗaya a yini ya koma cin goro biyu, wata rana uku, ban ko lura ba.

Likitar da aka haɗa ni da ita sunanta Dakta Salwa, ba za ta wuce sa'ar babbar 'yata ba. Tana yi mini Larabcin littafi a hankali, tana kirana Ammu, wato baffa. Bayan sun gama duba jijiyar wuya, ta ce akwai wani hoto da ke nuna yadda sassan ƙwaƙwalwa ke aiki tare, wane ke amsa wa wane, kuma suna nazarin masu ƙuntatacciyar jijiya irina, in na yarda. Na yarda. Ta ba ni takardar sharuɗɗa. Na karanta ta sau uku, har da alfaharin cewa ba na bukatar tafinta. An rubuta kada a sha gahawa, kada a sha shayi, kada a sha baƙin lemon kwalba tun daga jajibiri. Na kiyaye. Har shayin Ammu Sabir na mayar masa, ransa bai so ba. Goro kuwa babu shi a takarda, kuma goro ba shan sa ake yi ba, ci ake yi. Ko a mafarki ban haɗa su ba.

Safiyar hoton tsoro ya hana ni karyawa. Na ci goro guda a ɗaki. A layin jira na ga ana tura wani tsoho a keke, bakinsa a karkace, sai na sa hannu aljihu na ci wani.

Suka karɓe zobena da agogo da duk wani ƙarfe. Aka kwantar da ni a wani siririn gado, aka rufe kaina da abu kamar kwando, aka tura ni cikin rami fari mai ƙunci. Duk wanda ya taɓa sa mamaci a lahadu ya san abin da ya zo mini a rai. Muryar likitar ta shigo kunnena ta ce kada in motsa, kada in yi barci, in kalli alamar da ke gabana, kada in yi tunanin komai. Alamar kuwa layi biyu ne a gicciye. Na ce wa raina ta lissafi ce, ta tarawa, na kalle ta. Amma rashin tunani, ban san yadda ake yinsa ba. Injin ya kama ƙara kamar an tara maƙeran garinmu da masu daka a ɗaki ɗaya, ni kuwa zuciyata tana bugawa tana neman ta riga shi.

Bayan kwana biyu ta zaunar da ni gaban allo. Ga kaina an yanka shi kamar kabewa, da ɗigo-ɗigon launi. Ta ce ta yi tsammanin ganin rauni a hagu kawai, inda jijiyar ta ƙuntata, sai ta ga haɗin ya yi sanyi ko'ina, hagu da dama, gaba da baya. Ta ce tana so ta nuna wa manyanta, in dawo ranar Lahadi.

Na ce, “'Yata, irin na tsofaffin da ke mantuwa ne?”

Ta ɗan yi shiru kafin ta ce, “Ammu, ba na yanke hukunci da hoto ɗaya.”

Maganarta mai kyau ce, amma ni shirun na ɗauka na tafi da shi.

Kwana huɗun nan su ne mafi tsawo a rayuwata. Nakan taka zuwa gadar kogin Nilu in tsaya, mutane dubbai suna wuce ni, babu wanda ya san sunana, ina tunanin watarana ni ma ba za ni san shi ba. A bangon littafin addu'o'ina na rubuta sunayen 'ya'yana da jikokina, kowane da na uwarsa, na rubuta “Rabi, matarka ce, ta rasu,” don kada wata rana in dinga nemanta kamar yadda Baba ya dinga neman Inna. Na rubuta wa jama'ar masallaci takarda cewa su tsayar da wani. Na gwada kiran Sanda ya fi sau goma, kun dai san yadda waya take a wajenmu. Sau ɗaya ta shiga.

Ya ɗaga murya kamar yana kiran salla: “Isiyaka! Mi sunka ce?”

“Sun ce in jira.”

“Ka samu mai cin ɓarin?”

Kafin in amsa ta katse.

Ranar Lahadi na shirya zuciyata. Na ce ko me za ta faɗa na riga na ji, sai in yi godiya in koma gida. A wajenmu kuwa ba a rabuwa da wanda ya yi maka wahala hannu sake, don haka na zaɓi goro biyar masu kyau na naɗe a ganye. Tun kafin ta buɗe baki na ajiye mata a tebur na ce tsarabar ƙasarmu ce.

Ta kwance ta ce, “Mene ne wannan?”

Na gaya mata. Na ce muna ba baƙo, muna rabawa a ɗaurin aure da suna, yana kashe yunwa, yana hana barci.

“Yana hana barci?” Ta ɗago kai. Ta sa na maimaita sunan, ta ɗauki wayarta ta yi ta dubawa, sannan ta dubi haƙorana. “Ammu, ranar hoto ka ci wannan?”

“Biyu. Ban karya ba ma, shi kaɗai na ci.”

Ta dafe goshi ta fara dariya, har ta kira wani abokin aikinta ya zo ya gani. Ni dai ina zaune ban san ko ni ake yi wa ba. Na ce takarda sha ta hana, ban sha komai ba. Ta ce gaskiyata, laifin takarda ne, wanda ya rubuta ta bai taɓa ganin goro ba.

Sannan ta yi mini bayanin da har yau nake juya shi. Ta ce injin nan ba ya ganin tunani, ba ya ma ganin aikin ƙwaƙwalwa kai tsaye. Jini yake gani. Duk sashen da ya tashi aiki, jini yakan ƙaru a wurin jim kaɗan bayan haka, injin kuma wannan hawa da saukar yake bi. In sassa biyu suna hawa tare suna sauka tare, sai a ce suna magana da juna. To abin da ke cikin gahawa mai hana barci yana cikin goro, kuma yana tsuke ƙananan jijiyoyin kai, jini ya ragu, hawa da saukar su dushe. Sai hoto ya nuna kamar sassan sun daina jin juna, alhali mai kawo labarin ne ya raunana. Game da hagu kuma, ta ce jijiyar da ta ƙuntata tana sa jini ya iso a makare, sai a ga kamar hagu da dama ba sa tafiya tare.

Sai gulbinmu ya faɗo mini a rai. Na ce mata a garinmu akwai gulbi da ke zuwa daga wajen Maraɗi. Wani lokaci hadari ɗaya ne zai zuba a can ya zuba a wajenmu, amma ruwan can sai daga baya yake iso mana. Wanda ke zaune bakin gulbi bai ɗaga kai ya dubi sama ba, zai rantse ba rana ɗaya aka yi ruwan ba.

Ta ce, “Ka ba ni aron wannan in gaya wa ɗalibaina.” Amma ta ƙara da cewa kada in yi saurin murna. Ba ta san nawa ne na goro ba, nawa ne na yunwa da tsoro, nawa ne kuma na ciwo. Sai an sake, bayan na kwana biyar ban taɓa shi ba, in kuma karya kumallo.

Ban san goro ya kama ni haka ba sai da na bar shi. Kwana biyu kaina kamar ana sara da gatari, ga hamma, ga ƙunci. Ammu Sabir ya ga ban sauko ba ya hau da kansa, yana haki, da kofi a hannu mai jan ruwa. Na kurɓa. Soɓo ne, soɓonmu na gida, su da wani suna suke kiransa. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, ya yi ta ba ni labarin ƙauyensu can kudu da gonar rakensu da ya bari. Rabi na gane, rabi ban gane ba, amma na gane shi ma baƙo ne a birnin nan. Daga ranar kullum sai ya hau.

A hoto na biyu sun ƙara wani abu: murya ta ce in riƙe numfashi, in saki, in sake riƙewa, wai don su ga yadda jijiyoyin ke buɗewa da kuma inda jini ke makara. Ramin bai ba ni tsoro kamar farko ba. Bayan haka wani likita ya zauna da ni ya yi ta tambaya, ya faɗi kalmomi ya ce in riƙe, ya ɗauke mini hankali da lissafi, ya dawo ya nema. Na ba shi kayansa cif.

Dakta Salwa ta jera hotunan biyu gefe da gefe. Ko ni da ban san karatunsu ba na ga na biyu ya fi haske. Hagu dai yana nan a baya. Ta ce sun auna makarar jinin sun cire ta daga lissafi, sai ga hagu da dama suna hawa tare suna sauka tare.

“Suna jin juna, Ammu. Ruwan Maraɗi ne ke isowa a makare.”

Na ce, “To mantuwar?”

Ta ce yau ba ta ga alamarta ba, a hoto ko a tambayoyi. Gobe kuwa ba a hannunta take ba. Abin da ya same ni a salla daga jijiyar wuya ne, ita ce abin tsaro: in riƙe magani, in dinga auna hawan jini, a dinga duba ta, in kuma abin ya sake leƙowa ko na ƙiftawar ido ne kada in kwana a gida. Na tambayi goro. Ta ce ɓarin da na saba ba ta hana ni ba, amma ɗayan ɓarin in nemi mai shi.

Takardar da na rubuta wa jama'ar masallaci na yage ta a ɗaki. Sauran goron na bar wa Ammu Sabir, ya ce zai ajiye don maganin maƙwabcin da ya dame shi. Ya rungume ni ya sumbaci kumatuna biyu irin nasu, na daure.

Hanyar dawowa ba ta da labari, sai dai na tsaya Isa na cika alkawari. Yaya ta saurara har ƙarshe ta ce, “Kat tahi har Masar don a hwaɗa maka abin da nig gaya maka kyauta.”

Na iso gida da la'asar. Da Magariba na nufi wurina kusa da takalma. Sanda ya tayar da iƙama, ya gama, sai ya tsaya bai dubi wanda ke riƙe da limancin ba, shi ma wancan bai motsa ba. Sahu ya buɗe a tsakiya. Sanda ya ce, “Malam, bisimilla.” Na wuce gaba. Da gangan na ɗauko surar nan. Da na iso kalmar na tsaya in ja numfashi, sai na ji Sanda a bayana shi ma ya ja nasa, ya shirya ɗora mini. Na riga shi.

Da safe muka zauna a dakali. Ya fito da goro zai ɓare, na ce ya dakata. Na zaro ɓarin nan na safiyar farko daga aljihun jaka, ya bushe ya yi baƙi ya ƙanƙance kamar tsakuwa. Na ce, “Naka na. Ka ce in aje maka.”

Ya juya shi a tafin hannu ya daɗe yana kallo. Sannan ya jefa shi baki, ya kai shi can gefen da ke da sauran haƙora, ya ce, “Ya makara, amma ya iso.”

Alhamdu lillahi. Iyakar abin da na gani ke nan, wanda ya ji an ce an wanke kaina ya ce ba haka ba ne.